Kalar ruwa a cikin hunturu: takarda tana kumbura, sama tana fita layi-layi

Yar_Kobi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a nan cikin garin Bauchi. Tun hutun da ya wuce na rubuta wa yarana wani ɗan labari, na wata yarinya da ɗan akuyarta ya ɓace ranar kasuwa, ta bi sawunsa tun daga rumfar masu tumatur har kara. Burina in yi masa hotuna da hannuna, da kalar ruwa irin wadda ake jiƙawa da buroshi. Fensir ba ya ba ni wahala, tun ina sakandare nake zane. Kalar ce ta gagare ni. Da na shafa ruwa sai takardar ta yi tudu da kwari, kala ta gangara kwarin ta bushe da baƙin baki. Ga iskar nan ta hunturu, kafin buroshi ya kai tsakiyar shafi sama ta bushe ƙayau, sararin samaniya ya fito layi-layi. Shafi shida na ɓata a mako guda. Ƙanena ya ce in haƙura in koma zane a waya kamar kowa. Don Allah masu sani, daga hannuna ne ko daga kayan aiki?

DanWunti:
Wa alaikumus salam Malama. Wace irin takarda kike amfani da ita?

Yar_Kobi:
Farin kwalin nan na shagunan littattafai, wanda muke rubuta jadawali a kai mu manna a bangon aji.

Tsohon_Dalibin_Zariya:
To ai ga amsar nan, ƙanwata. Hannunki ba shi da laifi. Kwalin nan an yi shi don maka da biro, fuskarsa santsi gare ta, kuma ba a yi shi don ya sha ruwa ba. Takardar kalar ruwa daban take. Ana auna nauyinta da giram a kowace murabba'in mita: takardar fotokwafi 70 ce ko 80, ita kuwa wadda masu wannan aiki suka fi riƙewa 300 ce. Mafi kyawunta da auduga zalla ake yi, irin su Arches ta Faransa da Fabriano ta Italiya, kuma ana sa mata wani sinadari da ke hana ta zuƙe kala nan take. Shi ke ba ki 'yan daƙiƙun da za ki ja buroshi kafin wuri ya bushe. Lokacin da muke sashen zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ba kowa ke iya sayen ta auduga ba, mu ma da mai araha muka koya. Amma ko mai arahar ce, ki duba a rubuta 300 a bangon. Idan 190 ko 200 kika samu, sai kin ɗaure ta kafin ki fara.

Yar_Kobi:
Na gode Yaya. Yaya ake ɗaure takarda kuma?

Tsohon_Dalibin_Zariya:
Ki samu falankin katako mai laushin fuska wanda ya fi takardar faɗi. Ki tsoma takardar cikin baho da ruwa mai tsabta kamar minti biyar, ki ɗaga ta ruwan ya tsiyaye, ki shimfiɗa a kan katakon, ki bi da tsumma mai tsabta ki kore iskar da ke ƙasa. Sai ki manne gefe huɗun da salatif ɗin takarda mai ruwan ƙasa, wanda ake jiƙa bayansa da ruwa kafin ya kama. Na roba ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda. In ba ki samu ba, ki bi gefen da sitefila kusa da kusa. Ki bar ta kwance a inuwa ta bushe da kanta. Dalili shi ne takarda tana buɗewa in ta jiƙe, tana tsukewa in ta bushe, to da yake kin kama bakinta tana buɗe, sai ta bushe a miƙe kamar fatar ganga. Bayan nan ko ta ɗan tashi lokacin aiki, za ta koma ta kwanta. In kin gama zanen sai ki yanke gefen da reza.

Yar_Tumfure:
Daga Gombe nake, kuma matsalar bushewar nan na san ta sarai. Shekara uku ina fama kafin in gane cewa lokaci ne ya kamata in canza. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba na taɓa babban shafi da rana. Bayan sallar asuba nake yi, in rufe taga, in kashe fanka, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki. Sannan ki dama kalar da yawa a murfi ko ƙaramin kofi kafin ki fara, fiye da yadda kike zaton za ki buƙata, domin tsayawa ki ƙara dami a tsakiyar shafi shi ke jawo layin nan. Ki ɗan jingina katakon ya karkata, ki ɗauki buroshi mafi girma, ki ja daga wannan gefe zuwa wancan. Za ki ga ruwa ya taru a ƙasan layin kamar ɗigon hawaye. Wannan tarin shi za ki kama da ja na gaba, ki yi ta gangarowa da shi har ƙasa. Muddin bai bushe ba, layi ba zai fito ba. Kuma in kin wuce wuri kada ki koma gyara, ko da kin ga aibu.

Sadiq_Dijital:
Ni fa ina bayan ƙanenki, Anti. Duk wannan wahalar, jiƙa takarda, tashin asuba, neman salatif. A kwamfutar hannu in ka yi kuskure taɓawa ɗaya ka goge. Akwai manhajar zane ta Krita kyauta, akwai ibisPaint a waya, kuma duk suna da buroshin da ke kwaikwayon kalar ruwa. Tunda a ƙarshe ma sai an shigar da hoton kwamfuta kafin a buga, me ya sa ba za a fara daga can ba? Kuɗin takardar auduga na littafi guda ya isa mutum ya fara tara na alƙalamin zane.

Yar_Tumfure:
Sadiq, ina amfani da duka biyun, kuma ba na raina na waya. Amma abin da ruwa ke yi da kansa a kan takarda, yadda kala biyu ke shiga juna ba tare da ka umarce su ba, ban ga manhajar da ta kawo shi daidai ba tukuna. Ga kuma batun wuta. Takarda ba ta neman caji.

Sadiq_Dijital:
Batun wuta kam gaskiyarki ne.

Alaramma_Azare:
Ina karanta maganarku sai na ji kamar a tsangaya ake hira. Wani ɗana da ke wannan sana'a ya taɓa nuna mini bayanin da ke jikin kayan kalarsa, ashe abin da ke riƙe kalar ruwa a kan takarda ƙaro ne. Ƙaron nan dai namu da muke haɗa tawada da shi. Mu baƙin tukunya ko gawayi muke niƙawa mu haɗa da ƙaro, shi ya sa rubutun allo yake kamawa, kuma yake wankuwa in an sa ruwa. Masu zayyanar allon sauka ma da shi suke dama ja da rawaya da kore. Daga itacen dakwara ake samun mai kyawun, ana tsaga bawon da rani ya fitar da shi, kuma Yobe da Borno da Jigawa suna fitar da shi da yawa, ko da yake Sudan ce kan gaba a duniya. Wato ana ɗaukarsa daga nan a kai Turai, a zuba a ƙananan kwalabe, a dawo mana da shi da tsada. Malama, abin da kike koyo ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Yar_Kobi:
Allah ya saka da alheri Baba Alaramma. Wallahi ban taɓa haɗa su a raina ba, alhali da tawadar nan na tashi.

Mai_Jar_Kasa:
Tunda Alaramma ya buɗe ƙofar, bari in shiga. Ni yanzu rabin kalolina da kaina nake haɗawa. Ina ɗebo jar ƙasa da mai ruwan ɗorawa a hanyar Dass in na je gida. In zuba a bokiti da ruwa, in dama, in jira yashi ya kwanta, in tsiyaye ruwan saman mai laushi a wani mazubi, in bar shi kwana guda ya kwanta, in zubar da ruwan in shanya. Garin da ya rage shi ne kala. Ƙaro kuma kashi ɗaya, ruwan ɗumi kashi biyu, ya kwana ya narke, in tace da ƙyalle. Sai ɗan zuma kaɗan don kada ya bushe ya tsattsage, da ɗigon man kanumfari don kada ya yi funfuna. In niƙa garin da ruwan ƙaron a kan gilashi har sai na daina jin ƙasa-ƙasa, in zuba a murfin kwalba. Launin bangon gidan ƙasa da hanyar ƙauye da yake ba ni, babu na kanti da ya kai shi. Kuma ƙasa ba ta koɗewa. Ku tuna jan zanen da ke jikin duwatsun Geji da Shira, tun zamanin da ba wanda ya san masu yin sa, har yau ana gani.

Amma kada ku wahalar da kanku da zoɓo. Yana da kyau a kofi, a takarda kuwa sai ya juye ya koma toka-toka mai shuɗi, bayan 'yan makonni ya dushe. Kurkur ma rana na cinye shi.

Hajiya_Mai_Lalle:
Zumar nan fa a yi hattara. Na gwada, kiyashi suka cika min akwatin kala cikin dare ɗaya. A rufe da kyau.

Abu_Sumayya:
Ku yi haƙuri zan ɗan fita daga maganar takarda. Malama ta ce yarinya da ɗan akuya za ta zana. Ina matsayin zanen abu mai rai? Ba don in hana ba nake tambaya, ni ma 'yata tana son zane kuma abin yana damuna.

Malama_Islamiyya:
Tambaya ce mai kyau, Abu Sumayya, kuma malamai sun yi saɓani a kai. Hadisan da suka yi gargaɗi game da masu sura sanannu ne. A ɗaya ɓangaren kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW), kuma Abu Dawud ya ruwaito labarin dokinta mai fukafukai. Da wannan ne malamai da yawa suka yi rangwame ga abin da aka yi don yara da koyarwa. Wasu kuma sun tsananta, shi ya sa za ka ga littattafan yara da ake barin fuska ba ido ba baki. Kowa ya zauna da malamin da ya amince da iliminsa, kada a ɗauki fatawa daga zauren hira.

Yar_Kobi:
Na tambayi malaminmu tun kafin in fara, kuma zuciyata ta natsu da amsar da ya ba ni. Na gode da tunatarwa.

Mai_Madabaa_Gombe:
Ni ba mai zane ba ne, mai bugawa ne, kuma ina roƙon Malama ta saurare ni kafin ta ƙara ɓata takarda mai tsada. Kin san shafi nawa littafinki zai zama? Mu a kan babbar takarda muke bugawa mu ninke, don haka adadin shafi dole ya rabu da huɗu, kuma littafin hotuna na yara yawanci 32 ne. Cire shafin suna da na bayanin bugu, abin da zai rage wa labari buɗi 14 ne (buɗi shi ne shafi biyu masu fuskantar juna) ko ƙasa da haka. Ki ɗauki farar takarda guda takwas ki ninke biyu, ga littafi mai shafi 32 a hannunki. Ki zana komai a ciki da fensir, zane na gaggawa, ki rubuta inda magana za ta zauna. Sai kin gamsu da wannan za ki taɓa kala.

Abu uku da ke sa mu rigima da masu zane. Suna sa fuskar mutum a tsakiyar buɗi, daidai inda ɗinki zai cinye ta. Ba sa barin rara a gefe, alhali wuƙa tana cin milimita uku, don haka ki zarce da kalarki kamar rabin santimita bayan iyakar shafi. Sannan suna cika hoto har ba wurin rubutu. Kuma kada ki rubuta labarin da hannu a kan zanen, ki bar mana wurin fili.

Ummu_Hanif:
Ni abin da ya faru da ni ke nan. Na kai aikina wani wurin bugu, koren da na yi mai haske ya fito kamar miyar kuka, fuskokin yara suka yi duhu har ba a ganin ido. Na yi kuka ranar, wata huɗu na yi a kan hotunan.

Mai_Madabaa_Gombe:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Injin bugu da tawada huɗu kawai yake aiki, shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kuma akwai kore da ruwan lemo masu ƙyalli da ba zai iya kaiwa ba. Takarda marar sheƙi kuma tana shan tawada, hoto ya ƙara duhu. Maganinsa a yi sikanin a kan 300 dpi aƙalla, wato ɗigo 300 a kowane inci, kada a ɗauka da waya a cikin ɗaki, sannan ki dage a buga miki gwajin shafi biyu a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita kafin ki ce a ci gaba. Wanda ya ƙi yi miki gwaji, ki ɗauki aikinki ki tafi wani wuri. Ga masu sikanin kuma, takarda mai santsi ta fi mai gurji-gurji fita da tsabta, domin fitilar injin tana fito da inuwar gurjin.

Tsohon_Dalibin_Zariya:
Maganar Ummu Hanif ta kawo mu inda na fi so a tsaya, wato fatar yaranmu. Yawancin darussan da ke YouTube a kan farar fata aka gina su, sai ɗalibi ya zo zana ɗan Bauchi ya ɗauki baƙi daga kwalba ya shafa, fuska ta mutu. Kada ki taɓa baƙi a fuska. Ki fara da shafi mai ruwa-ruwa na ruwan ƙasa mai ja, wanda ake rubuta Burnt Sienna a jikinsa. Ki bar goshi da karan hanci da saman kumatu da haske, domin a kalar ruwa ba a dogara da farin fenti, farin takarda shi ne haskenki, in kin rufe shi ya tafi. In ya bushe sarai, ki ƙara shafi na biyu da ɗan shuɗin Ultramarine a cikin ruwan ƙasar, a inda inuwa take kawai: ƙarƙashin haɓa, gefen hanci, ƙasan ɗankwali. Mai wankan tarwaɗa shafi biyu ya ishe ta, mai duhu uku. Ki tuna kala tana yin haske in ta bushe, kada ki tsorata da yadda take a jiƙe. A nan ma hunturu abokinki ne, domin shafi yana bushewa cikin minti biyu, abin da a watan Agusta sai ki jira rabin sa'a.

Baban_Khalifa:
Ni uba ne kawai, ban iya zana ko da'ira ba. Amma ina saya wa yarana littattafai kuma ina zama in karanta musu. Wanda ke cikin yawancinsu yaro ne da tufafin sanyi da dusar ƙanƙara da jar tuffa a hannu. Ranar da ɗana ya ga hoton mai shayi da tukunyarsa a wani littafin Hausa da aka raba musu a makaranta, sai da ya kai wa kakarsa ta gani. Malama, ki sa mana keke Napep, ki sa mai rake, ki sa buhunan gawayi, ki sa yarinya da hijabin makaranta da silifas ɗin da ya fi ƙafarta. Ko layin sama bai fita ba yara ba za su kula ba, akuyar za su nema a kowane shafi.

Dan_Fulanin_Alkaleri:
To akuyar ce nake jin tsoro. Masu zane da yawa suna yin akuya kamar kare mai ƙaho. Malama, kin zauna kin kalli akuya kuwa? Ƙwayar idonta a kwance take, ba zagaye ba. Jelarta sama take kallo, ta tunkiya ce ke faɗuwa ƙasa. In za ta kwanta gwiwar gaba take fara durƙusawa. Ɗan akuya kuma ƙafafunsa sun yi wa jikinsa tsawo, kuma ba ya tafiya a miƙe, tsalle yake yi gefe-gefe. Yaran ƙauye za su gane in kin kuskure.

Yar_Tumfure:
Wannan gaskiya ne. Ni ina da ƙaramin littafin zane a jaka kullum. Da na yi aikin wani labari na giwa sai da na je Yankari, ban ga giwa a wannan zuwan ba, amma na cika shafi goma da gwaggon biri a bakin ruwan Wikki. Dabba ba ta tsaya maka, don haka kana da daƙiƙa ashirin ka kama layin baya da yadda ƙafa ta tsaya. Guda talatin marasa kyau, sai ɗaya ta fito da rai. Malama, ki je kara da fensir mai laushi, lamba 2B, ki nemi izinin masu dabbobi ki zauna gefe. Ki kuma zana yarinyar taki ta gaba, ta baya, ta gefe, tana gudu, tana kuka, a takarda guda ki manna a bango, don kada ta canza kama tsakanin shafi na 5 da na 20. In kin gamsu da zane, ki ɗora shi a gilashin taga da rana, ki sa takardar kala a kai ki bi layin a hankali. Yawan gogewa da kilina yana cinye fuskar takardar mai tsada.

DanWunti:
Wai a Bauchi ina ake samun takardar nan mai 300? Na zaga ban gani ba.

Ummu_Hanif:
Ni daga Jos ake kawo min, wani lokaci Kano. In mun haɗu mutum huɗu ko biyar muka yi oda tare, kuɗin mota zai yi sauƙi. Babban falle ɗaya ana yanka shi huɗu.

Yar_Kobi:
Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Wata abokiyar aiki ta ba ni falle biyu na mai 200, na ɗaure kamar yadda Yaya ya ce, da sitefila. Ta bushe a miƙe, har ina buga ta da yatsa tana ƙara. Na yi ninkin takarda takwas na Mai Madaba'a, sai na gano labarina ya yi tsawo, na cire rumfar masu yadi gaba ɗaya. Na je kara sau biyu. Wani dattijo mai awaki da ya ga abin da nake yi ya riƙe min ɗan akuya a cinyarsa har na gama kai da kunnuwa, bai karɓi ko sisi ba.

Amma ga abin da ya tsaya min. Jiya da asuba na yi sama shuɗiya, ta fita sumul ba layi ko ɗaya. Da gari ya waye na buɗe taga, sai na ga samanmu ba haka take ba. Fara ce fat da hazo, duwatsun bayan gari ma da ƙyar ake hango su. Labarin kuma a hunturu na sa shi, yarinyar tana sanye da rigar sanyi. In bar shuɗiyar tunda ta yi kyau, ko in sake?

Sadiq_Dijital:
Ki bar ta Anti, yara suna son kala mai haske. Littafi duk hazo zai yi dishi-dishi, balle in an buga.

Mai_Jar_Kasa:
Ni na ce ki sake. Ruwa mai yawa, ɗan ƙurar rawayar ƙasa kaɗan, duwatsu kuma toka-toka mai shuɗi a shafa su tun takarda na da danshi don bakinsu ya narke. A kan wannan farin ne jan tumatur da ɗankwalin yarinyar za su yi tsalle su fito. In kina so zan aiko miki da murfi biyu na ƙasar Dass ta hannun direba.

Mai_Madabaa_Gombe:
In za ki yi hazon, kada ya yi fari da yawa, sikana tana ɗauke kala mai rauni ta mayar da ita farar takarda. Ki yi guda ɗaya na kowanne a ƙaramin yanki, a yi musu sikanin a buga, ki ga abin da ya rage.

Baban_Khalifa:
Ki kai duka biyun aji ki ɗaga musu, ki tambaye su wanne ne ranar kasuwa.

Yar_Kobi:
Mai Jar Ƙasa, ina so, Allah ya saka. Gobe Litinin zan shiga da su aji. Ummu Hanif, ki sa sunana a cikin masu odar Jos, falle uku.